Kwalba Marar Takarda

Asabar ba ranar aikina ba ce. Na leƙa ɗakin gwajin ne kawai don in duba na'urar ɗumama samfura, wadda ta fara wani gurnani tun tsakiyar mako, in rubuta zafinta a littafi, in koma gida in ƙarasa wankina. Ko farar rigar aiki ban saka ba. Ina ajiye jaka sai idona ya sauka a kan wata takarda manne a bakin teburina, rabinta na lilo.

Takardar jikin kwalba ce, na san ta kamar yunwar cikina. Zane biyu ne a kanta masu jan baki: a ɗaya ɗigon ruwa yana cin hannun mutum, a ɗayan kifi ya mutu ya juya ciki sama. Ni na ɓare ta jiya da yamma da hannuna. Na juya na dubi ƙasan wurin wanke hannu, inda na bar kwalbar. Wayam.



Sinadarin da ke cikinta "mai kumfa" muke ce masa a ɗakin, don sunansa na gaskiya sai ka numfasa sau biyu kafin ka kai ƙarshensa. Ruwa ne mai kauri, garai-garai, ba launi ba wari. Ɗigo kaɗan muke sawa a ruwa mai yawa, ya fasa ƙwayoyin jini mu ga abin da ke cikinsu. Dangin sabulu ne, amma irin dangin da ba ka so su san hanyar gidanka. Abin da yake yi wa ƙwayar jini a cikin kwalba, shi yake yi wa fatar ido. Ba a taɓa shi sai da safar hannu da tabarau, ba a zuba shi a kwata, ba a barinsa a mazubin da ba rubutu. Ni ce kuwa sarkin faɗa a kan wannan. Ɗaliban da ake turo mana koyon aiki sun laƙaba mini Anti Safar-hannu, a zatonsu ban sani ba.

Sai dai ina da wata doka tawa ta gefe, wadda ba ta cikin littafin kowa. Iya, dattijuwar da ke share mana ɗakin bayan mun tashi, tana son kwalaben nan na roba masu faɗin baki. Kananzir take zubawa a wasu, wasu ta yanke ta shuka ganye. Shekara huɗu ke nan in kwalba ta ƙare nakan ɗauraye ta sau uku, in juye ruwan a jarkar dagwalo, in ɓare takardar, in ajiye mata a ƙasan wurin wanke hannu. Ba mu taɓa zama mun tsara ba, amma mu biyu mun sani: kwalba mai takarda ta ɗaki ce, marar takarda ta Iya ce.

Matsalar ita ce takarda in ta jiƙe ba ta ɓaruwa lafiya, sai ta dagargaje ta bi farce. Don haka na koma ɓarewa tukuna, sannan in ɗauraye. Jiya na ɓare, na durƙusa zan buɗe jarkar dagwalo, sai Oga, shugaban ɗakin, ya leƙo ya ce in zo maza, sakamakon wani majinyaci ya rikice. Na dire kwalbar a ƙasa na bi shi. Daga ofishinsa na wuce gida. A cikinta akwai saura kamar yatsu uku a kwance, tsurarsa, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba.

Na buɗe kabad, na leƙa bayan firiji, na zazzage kwandon shara har ƙasa, alhali na san inda take. Sai wata magana ta Iya ta faɗo mini a rai, maganar da take yi kusan kowace Juma'a tana jan tsintsiya: "Gobe akwai yaƙi, 'yata. Wankin kan Takwara. Gashin yarinyar nan sabulu ɗaya ba ya yi masa ko gezau." Takwara jikarta ce, 'yar shekara shida, sunan Iyar aka sa mata, kuma a hannunta take tun rasuwar uwarta.

Agogon bango ya nuna tara da kwata. Na kira Iya. Wayar ta yi ta ringi har ta katse. Na sake, na sake. Wayar Iya a ƙarƙashin matashi take kwana, ta wuni a can, ita da kanta take faɗa tana dariya.

Na tsaya da lambar Oga a gabana, yatsana a sama. Ba zan ɓoye ba, na yi minti guda cur ina lissafin abin da zai biyo baya: takardar tuhuma, kwamiti, fuskokin ɗaliban nan. Har yau ina jin kunyar wannan mintin. Na danna.

"Oga, mai kumfa ya fita daga ɗaki. Iya ta tafi da shi gida. Ba takarda a jikin kwalbar, ni na cire."



"Tsurarsa?"

"Tsurarsa."

"Innalillahi. Ɗauki takardar bayaninsa daga fayil, ki ɗauki gorunan wanke ido duka biyun. In an sha, kar ki bari a sa kowa amai, kumfar za ta shiga huhu. In ido ne, ruwa, kar ki tsaya jin maganar kowa. Ina bayan gari, amma ga ni nan. Ina ne gidan nata?"

Sai a lokacin na gane ban sani ba. Shekara huɗu matar nan tana ce mini 'yata, ban san ƙofar gidanta ba.

Baba maigadi yana zaune a bakin ƙofa yana gyara eriyar rediyonsa. Mutumin kirki ne, amma in ya fara gaisuwa sai ya tambayi lafiyar kajin gidanku.

"A'a, Anti, yau kuma da gudu? Ya maigidan? Ya yaran, mai tarin nan ya samu sauƙi?"

"Baba, don Allah, gidan Iya."

"Iya mai shara? Ai jiya ma mun gaisa, ta fito da 'yar ledarta tana ta murna, wai kin ba ta..."

"Baba! Gidan!"

Ya dube ni, ya ajiye rediyon. Shi ma bai taɓa zuwa ba. Abin da ya sani, tana sauka a mahaɗar da ke da babban tankin ruwa, ta bi layin masu walda, gidan haya ne mai shuɗiyar ƙofa. Na bar shi yana kiran sunan Allah a bayana.

Mai tasin da na tare dattijo ne mai lallaɓa mota kamar ƙwai ya ɗauko. Na ce masa rai ne a gaba, ya ce to, ya ƙara abin da bai kai a ce an ƙara ba. Na buɗe takardar bayanin a kan cinyata. Na karanta sashen taimakon gaggawa sau uku, ni da nake sa ɗalibai su haddace shi. Lahani mai tsanani ga ido. A wanke da ruwa mai gudana aƙalla minti goma sha biyar. Ina kiran Iya, ina yi wa kaina ƙarya: wataƙila ta ajiye sai ta gama girki, wataƙila shara za ta yi da shi, wataƙila yarinyar ta gudu maƙwabta kamar yadda takan yi in ta ga an ɗora ruwan zafi.

Wata babbar mota ta mutu a tsakiyar titi kafin mahaɗar, ababen hawa sun cushe. Na miƙa wa direban abin da hannuna ya damƙo, na fita na kama gudu da takalmi mai tsini, gorunan suna dukan ƙuguna.

Layin masu walda dogo ne, kuma wanda ya sayar musu da shuɗin fenti ya ci kasuwa. Ƙofa shuɗiya ta ɗaya, wani magidanci ya fito da buroshi a baki, bai san wata Iya ba. Ta biyu a kulle. Na tsaya a tsakiyar layin ina haki, ƙarar injin yankan ƙarfe ta cika mini kunne, na rasa gabas na rasa yamma. Sai na dubi ƙasa. A cikin kwatar da ta bi gefen layin, kumfa ce ke tafiya, fara sol, tsayinta ya kai idon sawu, ba ta fashewa. Sabulun gida ba ya irin wannan kumfar. Na bi ta a guje har inda take fitowa ta ƙarƙashin wata ƙofa da rana ta cinye shuɗinta.

Tun daga zaure na ji ihun.

Tsakar gida ce ta siminti, ɗakuna shida a kewaye. Iya tana zaune dirshan a ƙasa, ta rungume yarinyar, tana goge mata fuska da gefen zaninta. Kan yarinyar fari fat da kumfa, tana gangarowa ta goshi. Ta runtse ido gam, tana dukan iska da ƙafa tana cewa, "Kaka, wuta! Wuta a idona!" Mata uku sun kewaye su, ɗaya da gwangwanin madara, ɗaya da man shafawa, kowacce tana rantsuwa nata ne magani. Kwalbar tana gefen bokiti, a buɗe.

"Kar wanda ya sa mata komai!" Ban san muryata na da wannan ƙarfin ba. "Iya, daina gogewa, kina ƙara tura shi ciki. Ina famfo?"

"'Yata? Me ya..."

"Famfo, Iya!"

Famfon yana bakin ƙofar banɗaki. Na murɗa, ya yi tari ya tofar da iska. Tun jiya ba ruwa, in ji mai madarar.

Na fizge yarinyar daga hannun kakarta, na kwantar da ita a kan benci, kanta ya zarce baki yana kallon sama. Na sa mai man shafawa ta tattare gashin baya ta naɗe da tawul, kar sauran kumfar ta ƙara sauka. Na ce duk mai ruwa mai tsabta a ɗakinta ta fito da shi, na sha, na girki, kowanne. Na ɓalle gorar farko.

Buɗe idon yaro mai jin zafi ba aikin mai tausayi ba ne. Na danne ƙirjinta da gwiwar hannuna, na sa yatsu biyu na ɓare fatar idon hagu da ƙarfi. Ya yi jawur, baƙin kuma ya dushe kamar gilashin da aka yi wa huci.  Na karkata kanta, na tsiyaya daga gefen hanci zuwa waje don kar ya gangara cikin ɗayan, sannan na koma na dama. Ta cije ni a damtse har sai da na ji haƙoranta sun haɗu. Ban saki ba.

"Kalli sama, Takwara. Yawwa. Kalli ƙasa. Juya shi, 'yar albarka, juya shi."

"Za ki kashe ta!" in ji wata daga baya. "Wace ce ma wannan?"

"Ku bar ta," in ji Iya. "Aikinta ne. Ku kawo ruwa."

Gorunan biyu suka ƙare cikin minti huɗu. Muka koma buta. Matan suka jeru ba wanda ya ce su jeru, wannan ta cika, wannan ta miƙo, wani mai walda ya shigo da jarka biyu a kafaɗa ya dire ya koma ɗauko wasu. Na ba mai madarar wayata na ce ta riƙa faɗa mini minti. Ban taɓa sanin minti yana da tsawo haka ba. A na bakwai yarinyar ta daina ihu ta koma shessheƙa, wannan ya fi ihun tayar mini da hankali. A na goma sha biyar mai madarar ta ce ya cika. Na ce a ci gaba. Sai da muka yi ashirin da biyar, ruwan gidan ya ƙare kaf, sannan muka wanke gashin da jarkar ƙarshe, muka tuɓe mata rigar da ta jiƙe, muka naɗe ta da zani.

Na sa leda a hannu na rufe kwalbar, na ƙulle ta cikin wata ledar. Hannuwan Iya sun yi ja har wuyan hannu. Na sa ta ɗauraye su da ɗan abin da ya rage a gindin buta, tana cewa in rabu da ita, ba komai.

Mai waldan ne ya kai mu asibiti a motar ɗaukar ƙarafunansa. Yarinyar tana kan cinyata, na rufe mata ido da tsabtataccen ƙyalle. Da muka hau babban titi Iya ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Na ga ba takarda, na ce kin wanke. Da na girgiza na ga kumfa, sai na ce sabulun da kika wanke da shi ne ya rage, kika bar mini. Har na ce wa yarinyar nan yau za ta ga sabulun 'yan boko." Ta gyara wa yarinyar zani. "Ki yafe mini, 'yata. Da na tambaya. Na ja miki magana a wurin aiki."

Da ta zage ni, da ta mare ni, da na samu inda zan sa kaina. 

Likitar ido mace ce mai ƙaramin jiki, ba ta da lokacin kowa. Ta karɓi takardar bayanin ta karanta a tsaye, ta tambayi minti nawa aka yi ana wankewa, kuma bayan minti nawa aka fara. Na farko na sani. Na biyu Iya ta ce ba ta duba agogo ba, amma ta yi ta gogewa, ta yi ta hura mata, har maƙwabta suka taru. Likitar ta ɗaga kai.

"Yaya aka yi wannan ya zo gidan mutane?"

"Ni na ɗauka, likita," in ji Iya da sauri. "Ba wanda ya ba ni. Ni na..."

"Ba haka ba ne." Na ji maganar ta fito da kanta. "Ni na cire takardar kafin in wanke kwalbar, na ajiye a inda nake ajiye mata. Shekara huɗu ina ba ta kwalaben da bai kamata su fita ɗakin ba. Ki rubuta haka."

Likitar ta rubuta, ta tura yarinyar ciki. Oga ya iso muna zaune a benci. Bai yi mini faɗa ba, ya karɓi ledar kwalbar kawai ya ce Litinin in zo da bayani a rubuce. Ko a jikina. Idona yana kan ƙofar da aka shiga da yarinyar.

Da likitar ta fito ta ce na dama ya tsira, ruwan ya yi masa rana. Na hagu shi ya fara sha, kuma shi aka fi gogewa. Sai an jira.

Kwana goma sha ɗaya muka jira. An dakatar da ni daga aiki, don haka kullum da safe ina asibitin da kwanon abinci, amma ban taɓa wuce bakin ƙofar ɗakin ba. Nakan miƙa wa Iya in tsaya daga waje, ina hango ƙafafun yarinyar a kan gado da farin bandeji a rabin fuskarta. Iya ta yi ta cewa in shigo. Nakan ce ina sauri, alhali ba inda za ni. Tsoro nake ji, tsoron yarinya 'yar shekara shida.

Ranar da za a cire bandejin Iya ta kama hannuna ta ja ni ciki, ba ta nemi shawarata ba. Likitar ta kwance a hankali, ta haska 'yar fitilarta. A tsakiyar baƙin idon akwai wani farin tabo kamar ƙwayar gero. Ta rufe na daman da tafin hannu, ta ɗaga yatsu uku.

"Nawa ne nan?"

Takwara ta ƙura ido, ta matso da kai. "Akwai haske," ta ce. "Amma hayaƙi ya rufe."

Likitar ta sauke hannunta. Ta ce tabon ya zauna. Wataƙila in ta girma a yi mata aiki, wataƙila ya ɗan washe, ba za ta yi mana alkawari ba. Iya ta ce Alhamdulillahi, ɗaya ya tsira, tana faɗa hawaye na bin kuncinta.

Ina tsaye ta hagun gadon, na jingina da bango. Yarinyar ta ji motsina. Ba ta gan ni ba sai da ta juyo da kanta gaba ɗaya, har kafaɗa, ta nemo ni da idon dama.

"Ke ce Antin wurin aikin Kaka?"

"Ni ce."

"Ke kika danne ni."

"Ni ce, Takwara."

Ta dubi tabon haƙoranta a damtsena. Sai ta gyara zama, ta haɗa hannuwanta biyu a kan cinya kamar yadda ake koya wa yara in za su gaida babba.

"Tun ran nan Kaka ta ce in na gan ki in yi miki godiya, ban gan ki ba," ta ce. "Anti, mun gode da sabulu."